Thor Heyerdahl: Baturen da ya nemo gwanayen Tafkin Chadi don ƙetare Atlantika da jirgin ciyawa

A ranar 25 ga watan Mayun 1969, jama'a sun yi cincirindo a tashar jiragen ruwa ta Safi da ke ƙasar Maroko domin kallon wani jirgi da ba su taɓa ganin irinsa ba. Ba shi da inji, kuma babu ƙusa ko ɗaya a gangar jikinsa. Dammunan ciyawa ne aka ɗaure tamau da igiya har tsawon mita 15, aka kafa musu ƙaton ƙyalle mai kama iska, aka ɗora bukka a tsakiya.

Waɗanda suka saƙa jirgin 'yan ƙabilar Buduma ne daga Tafkin Chadi, tafkin da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru ke tarayya a kansa. Wanda ya ɗauko su kuwa wani ɗan ƙasar Norwe ne mai suna Thor Heyerdahl, wanda ya ƙudiri niyyar ƙetare Tekun Atlantika a kan wannan ciyawa.

Heyerdahl ya ƙarar da rayuwarsa a kan tambaya guda: shin jiragen da mutanen da suka yi da itace da ciyawa da igiya za su iya ƙetare manyan tekuna? A zamanin da injiniyoyi ke rige-rigen ƙera jiragen tsere masu ɗan karen gudu, shi baya ya koma yana bin tsofaffin masu sana'a ƙauye-ƙauye.

Yaron da ke tsoron ruwa

An haife shi a ranar 6 ga watan Oktoban 1914 a Larvik, wani gari da ke bakin teku a kudancin Norwe. Duk da haka da tsoron ruwa ya taso, domin ya sha da ƙyar daga nutsewa tun yana ƙarami, kuma bai iya iyo ba sai da ya haura shekara 20.

Ya karanci ilimin dabbobi da labarin ƙasa a Jami'ar Oslo. A 1937, shi da amaryarsa Liv suka tare a Fatu Hiva, wani tsibiri da ke yankin Folinesiya a tsakiyar Tekun Fasifik, inda suka yi kusan shekara guda suna rayuwa irin ta mutanen wurin.

A can ne ya lura da abubuwa biyu. Na farko, iska da gudun ruwan teku kusan kullum daga gabas suke zuwa, wato daga ɓangaren Kudancin Amurka. Na biyu shi ne dankali, irin wanda a nan ake kira dankalin Hausa. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, amma mutanen waɗannan tsibirai sun daɗe suna noma shi tun kafin zuwan Turawa. To wa ya kai musu?

Heyerdahl ya yanke cewa mutanen Peru na da ne suka je ta ruwa. Masana suka yi watsi da maganar, hujjarsu kuwa ita ce mutanen Peru ba su da wani jirgi sai gungumen itace da ake jerawa a ɗaure, kuma irin wannan zai sha ruwa ya nutse tun kafin ya yi nisa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa bincike, inda ya shiga rundunar 'yan Norwe masu fafutukar ƙwato ƙasarsu daga mamayar Jamus. Da yaƙi ya ƙare, ya ga cewa gardama a takarda ba za ta kai shi ko'ina ba, sai ya yanke shawarar gwadawa da kansa.

Kon-Tiki: gungume tara da igiya

Ya shiga dazukan Ekwado ya saro manyan gungume tara na itacen balsa, wani itace marar nauyi ƙwarai. Aka jera su aka ɗaure da igiyar rama, kamar yadda Sifaniyawan farko da suka je yankin suka bayyana jiragen mutanen wurin. Aka raɗa wa jirgin suna Kon-Tiki.

A ranar 28 ga watan Afrilun 1947, mutum shida suka tashi daga tashar Callao ta Peru. Masu ba da shawara sun yi hasashen cewa igiyoyin za su tsinke saboda gogayya, wasu ma suka ce a ɗaure da wayar ƙarfe. Abin da ya faru a teku ya saɓa da hakan. Itacen balsa na da laushi, don haka igiyar ta lume a cikinsa ta samu mafaka, alhali da waya ce, da ta yanka gungumen. Haka kuma da yake ɗanyen itace aka sara, ruwan jikinsa ya hana ruwan teku ratsa shi har ciki.

Bayan kwana 101 da tafiyar kusan kilomita 6,900, raƙuman ruwa suka maka jirgin a kan duwatsun tsibirin Raroia a ranar 7 ga watan Agusta. Babu wanda ya rasa ransa. Littafin da Heyerdahl ya rubuta kan tafiyar ya shiga harsuna sama da 60, fim ɗin tafiyar kuma ya ci kyautar Oscar a 1952.

Daga kaburburan Fir'aunoni zuwa Tafkin Chadi

Bayan shekara 20, hankalinsa ya koma kan zane-zanen da ke jikin kaburburan Masar, waɗanda ke nuna jiragen da aka yi da wata doguwar ciyawar ruwa da Larabawa ke kira bardi, wadda Misirawan da ke yin takarda da ita. Ya ga irin waɗannan jirage a Peru da Bolibiya, sai ya soma tunanin ko sun taɓa ƙetare Atlantika.

Matsalar ita ce sana'ar ta mutu a Masar, har ciyawar ma ta yi wuyar samu a bakin Kogin Nilu. Sai ya nufi garin Bol da ke gaɓar Tafkin Chadi, inda Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, ke zaune a tsibirai suna su da kiwon shanu, suna kuma zirga-zirga a kan jiragen bardi.

Duk wanda ya taso a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yana ganin yadda ake ɗaure damin dawa ko ake yin jinka, zai gane aikin da sauri. Ana tara ciyawa dami-dami, a matse da igiya, a riƙa cusa sabuwa a cikin tsohuwa har jirgi ya yi tsawon da ake so. Ba shi da rami a ciki kamar kwale-kwale, don haka babu ruwan da za a kwashe. Ciyawar ce da kanta ke yawo a kan ruwa, taguwar da ta hau kansa kuma sai ta tsiyaye ta ƙasa.

Heyerdahl ya ɗauko gwanaye biyu 'yan Buduma, tare da wani kafinta Musulmi mai suna Abdullah Djibrine, wanda ke jin Larabci da Faransanci yana yi musu tafinta. Aka yo jigilar kusan tan 12 na bardi daga Tafkin Tana na Habasha, aka saƙa jirgin a gindin dalar Giza da ke wajen Alƙahira, sannan aka kai shi Maroko. Aka sa masa suna Ra.

Ya zaɓi abokan tafiya daga ƙasashe bakwai: Norwe da Amurka da Tarayyar Sobiyet da Italiya da Meziko da Masar da Chadi, a lokacin da Amurka da Sobiyet ba sa ga-maciji. Jirgin ya ɗaga tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Abdullah, wanda bai taɓa ganin teku ba kafin wannan aiki, shi ne ya wakilci Chadi, kuma shi ne gwanin gyaran ciyawar a cikinsu.

Igiyar da aka raina

Tun a wurin saƙa aka samu saɓani. Jirgin Buduma goshinsa ne kawai ke lanƙwasa sama, bayansa a yanke yake, saboda a tafki da doguwar gora ake tura shi, kuma babu ƙaton raƙumin ruwa da zai biyo shi ta baya. Zanen Misirawa kuwa ya nuna wutsiya mai tsawo da ta miƙe sama ta lanƙwaso ciki. Da ƙyar Heyerdahl ya shawo kan masu saƙar, suka ƙara wutsiyar a kan jikin da suka riga suka gama.

A zanen akwai wata igiya da ta taso daga kan wutsiyar ta sauko ta kama bayan jirgin. Kowa ya ɗauka amfaninta shi ne riƙe lanƙwasar don ado. Da aka ga wutsiyar ta tsaya cak ba tare da ita ba, sai aka yi watsi da ita, Heyerdahl kuma bai hana ba.

Masana a Alƙahira sun ce ciyawar ba za ta wuce mako biyu a ruwa ba. Ta wuce nesa ba kusa ba, amma tun ranar farko itatuwan tuƙin jirgin suka kakkarye. Bayan wasu makonni kuma bayan jirgin ya soma lotsawa cikin ruwa. A nan ne suka gane aikin igiyar nan: kamar tsirkiya take a jikin baka, tana tallafe bayan jirgin duk lokacin da taguwa ta ɗaga tsakiyarsa. Abin da aka ɗauka ado, ashe shi ne ƙashin bayan jirgin.

Abdullah da abokansa sun yi ta ɗinki da ɗauri a cikin ruwa. Daga baya igiyoyin ɓangare guda suka tsintsinke, kifayen shak kuma suka kewaye su, gyara ya gagara. A tsakiyar watan Yuli, bayan kusan mako takwas da tafiyar kimanin kilomita 5,000, wani ƙaramin jirgi ya kwashe su. Saura kusan mako guda ne su isa tsibirin Barbados. Ko a lokacin Ra bai nutse ba, a kan ruwa suka bar shi.

Gwaji na biyu

Wata goma bayan haka Heyerdahl ya dawo Safi. A wannan karo ya ɗauko masu saƙa 'yan ƙabilar Aymara daga Tafkin Titicaca da ke Bolibiya, inda ake yin jirage masu goshi da wutsiya duka a ɗage, domin tafkin nasu na da iska da taguwa. Su manyan dammuna biyu suke yi da ƙarami a tsakiya, su naɗe su da doguwar igiya su ja har ciyawar ta yi tauri kamar itace. An rage tsawon zuwa kusan mita 12, kuma ba a manta da igiyar wutsiya ba.

Ra II ya tashi a ranar 17 ga watan Mayun 1970, ya isa Barbados a ranar 12 ga watan Yuli, bayan kwana 57 da tafiyar kusan kilomita 6,100.

A hanya sun ga wani abin da ba shi suka je nema ba. A kwana 43 cikin 57 ɗin, sun riƙa cin karo da curin baƙin mai yana yawo a tsakiyar teku, wanda manyan jiragen dakon mai ke zubarwa idan suna wanke tankunansu. Da yake jirginsu a hankali yake tafiya kuma dab da ruwa suke zaune, sun ga abin da na cikin manyan jirage ba sa gani. Heyerdahl ya miƙa rahoto ga Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zama cikin na farko-farkon da suka ja hankalin duniya kan gurɓatar teku.

Idan aka kwatanta da jiragen tsere

Ta fuskar gudu, babu haɗi. Idan aka raba tafiyar Ra II, bai wuce kilomita huɗu da rabi a sa'a ba, wato saurin mai tafiya da ƙafa. A 2009 wani jirgin tsere na Faransa mai gangar jiki uku, Banque Populaire V, ya tashi daga New York ya isa gaɓar Ingila cikin kwana uku da sa'a 15, shi ma da iska kawai. A 2017 Bafaranshe François Gabart ya zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana 42.

Jiragen gasar America's Cup, wadda aka fara tun 1851, yanzu da zaren kabon ake yin su, abin da ake ƙera jiragen sama da shi. Suna da fikafikai a ƙarƙashi waɗanda ke ɗaga jirgin gaba ɗaya daga kan ruwa idan ya ɗauki gudu, har yakan wuce kilomita 90 a sa'a, kamar yadda aka gani a gasar 2024 a Barcelona.

Sai dai kowane gudu da farashinsa. Waɗannan jirage ba a fara tsere da su idan iska ta yi kaɗan ko ta yi yawa, kuma da an tashi daga wasa ake ciro su daga ruwa injiniyoyi su duba. Na zagaya duniya ma, rage nauyi da ƙara gudu kan kai su gaɓar da jiki ba zai ɗauka ba. A watan Nuwamban 2020, jirgin Kevin Escoffier ya karye gida biyu a gasar Vendée Globe, can kudu da Afirka ta Kudu, ya nutse cikin 'yan mintuna. Sai bayan kusan sa'a 11 wani abokin tsere ya tsamo shi.

Ko a shekarar da Ra ya tashi an ga irin haka. A gasar farko ta zagaya duniya mutum shi kaɗai ba tare da yada zango ba, mutum tara ne suka shiga, ɗaya ya kammala: Robin Knox-Johnston, a cikin Suhaili, wani jirgin katako mai nauyi da kafintocin Bombay suka ƙera bisa tsohon fasali. Kwana 312 ya yi. Jirgin zamani mai gangar jiki uku da ke biye da shi ya tarwatse ya nutse a ranar 21 ga watan Mayun 1969, kwana huɗu kafin tashin Ra.

Jirgin tsere an yi shi ne ya riga kowa, da kuɗi masu yawa da ayarin masu agaji a bayansa. Jirgin gargajiya an yi shi ne ya kai mutum da kayansa, da abin da ake samu a gari, kuma idan ya lalace mai shi ya iya gyarawa da wuƙa da igiya.

Inda masana suka saɓa da shi

Heyerdahl ya nuna cewa tafiyar na yiwuwa, amma hakan bai tabbatar da cewa an yi ta ba. Har yau babu shaidar cewa Misirawan da sun je Amurka. Game da Folinesiya kuwa, binciken harsuna da na ƙwayoyin halitta da tukwanen da aka tono duk sun nuna cewa kakannin mutanen daga ɓangaren Asiya suka fito. An kuma soki ra'ayinsa na cewa wasu fararen fata ne suka kai wayewa waɗannan wurare.

Kuskurensa mafi girma shi ne ya aikata abin da ya zargi wasu da shi. Ya ɗauka mutanen Folinesiya ba za su iya tunkarar iska su yi gabas ba. A 1976, wani kwale-kwale mai gangar jiki biyu irin na kakanninsu, Hokule'a, ya tashi daga Hawaii ya isa Tahiti ƙarƙashin jagorancin Mau Piailug, wanda ya yi amfani da taurari da yanayin taguwa ba tare da na'ura ba. Kuma wannan fasali na jera gangar jiki biyu ko uku, wanda mutanen Fasifik suka daɗe da shi, shi ne injiniyoyi suka ara suka ƙera jiragen tseren da ke kafa tarihin gudu a yau.

Duk da haka bai tashi a tutar babu ba. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2020 ya gano jinin mutanen Kudancin Amurka a jikin wasu 'yan gabashin Folinesiya, wanda ke nuna an haɗu wajen shekara ta 1200. Wane ne ya je wurin wani, wannan ana nan ana muhawara.

Jirgin da ya cinna wa wuta

A 1977 ya saƙa jirgi na ƙarshe, Tigris, mai tsawon mita 18, a kudancin Iraƙi. A wannan karo ya saurari mutanen fadamar wurin, waɗanda suka gaya masa cewa a watan Agusta ake yankan ciyawar idan ana so kada ta sha ruwa. Ya bi shawararsu, jirgin kuma ya yi kusan wata biyar a teku da mutum 11, daga Tekun Fasha zuwa Oman da Pakistan, sannan ya ƙetaro zuwa Jibuti.

A nan tafiya ta tsaya, domin yaƙe-yaƙen da ake yi a Habasha da Somaliya da kewaye sun toshe hanyar Bahar Maliya. A ranar 3 ga watan Afrilun 1978, Heyerdahl ya cinna wa jirgin wuta da gangan alhali lafiyarsa ƙalau, ya kuma aika wa Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Kurt Waldheim wasiƙa yana sukar manyan ƙasashen da ke sayar wa yankin makamai.

Ya ci gaba da tone-tonen tarihi a Maldives da Peru da tsibirin Tenerife har tsufansa. Ya mutu a ranar 18 ga watan Afrilun 2002 a ƙauyen Colla Micheri na Italiya yana da shekara 87, sakamakon cutar daji a ƙwaƙwalwa. Kon-Tiki da Ra II suna nan a gidan tarihi a Oslo.

Abin da ya rage a gida

Tafkin Chadin da Heyerdahl ya gani ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan, kwale-kwalen katako masu inji suka maye gurbin jiragen bardi a wurare da dama, rikicin Boko Haram kuma ya tarwatsa al'ummomin tsibiran.

Darasin igiyar Ra bai tsufa ba a kogunan Arewa. A watan Mayun 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a Kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi, mafi yawansu kuma ba su tsira ba. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima. Kowane jirgi, na ciyawa ne ko na katako ko na zaren kabon, yana da ruwan da aka yi shi dominsa da nauyin da zai iya ɗauka. Masu saƙar Buduma sun san tafkinsu, jirgin da suka saƙa kuma ya yi kusan mako takwas a tekun da ba su taɓa gani ba. Abin da ya karya shi ita ce igiya guda da aka cire ba a san aikinta ba.